Gidan Caca Ba Ya Caca

Duk wanda ya zauna a unguwar Kamazou ta Kaduna ya san kamannin yammacin Asabar. Da rana ta karya, sai janareta su fara tari ɗaya bayan ɗaya, mai tsire ya hura gawayi, masu keke su jera kekunansu a gefen hanyar Kachia kamar an shiga yajin aiki. Kafin a take leda a Ingila, gidajen kallo sun cika maƙil. Ni dai ba gidan kallon ne ya dame ni ba. Damuwata ita ce ɗan shagon nan da ke maƙwabtaka da shi, mai allunan talabijin jere a bango, lambobi na ta gudu a kansu, inda samari ke fitowa riƙe da siririyar takarda mai tsawo kamar ta maganin asibiti. A gidan kallo, in an ci ƙwallo ihu ake yi. A wannan shagon kuwa, sai a ci ƙwallo ka ji rabin ɗaki ya yi tsit.

A irin wannan yammaci ne na yi kiciɓis da ɗan ƙanwata, yaro mai hankali da ladabi, wanda ke tuƙa keken wani yana kai masa balas kullum. Na same shi zaune a kan benci, ya zuba wa takardarsa ido kamar mai duba sakamakon jarrabawa.

"Kawu, duba ka gani," ya miƙo mini ita. "Wasa 12 na haɗa. Sha ɗaya sun shigo. Ɗaya tak ya yanka ni. Naira 500 na sa, da yanzu ina da dubu 140 da ɗoriya."

Na ce, "To ɗana, daga farkon watan nan zuwa yau, nawa ka zuba gaba ɗaya?"

Ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariya. "Haba Kawu, ai ba a lissafin wannan."

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shi ba ya lissafi. Wanda ya karɓi kuɗinsa kuwa ba shi da wani aiki a duniya sai lissafi. Muna kiran wurin gidan caca, amma a cikin duk masu shiga da fita mutum ɗaya ne ba ya caca, shi ne mai gidan. Shi kasuwanci yake yi, kasuwancin da ya san ribarsa tun kafin ya buɗe ƙofa.

Bari mu faro daga uwar, kafin mu dawo kan 'ya'yanta da ke unguwarmu. Uwar ita ce kasino, babban gidan cacar nan mai darduma da fitilu da ma'aikata sanye da kwat. A ƙasar nan akan same shi a manyan otal, irin su Transcorp Hilton a Abuja da Federal Palace a Legas. Tarihinsa ya daɗe. Tun a 1638 hukumomin birnin Venice na Italiya suka buɗe wani gidan caca mai suna Ridotto, don cacar da ake yi a loko-loko ta dawo ƙarƙashin idon gwamnati. A 1774 suka rufe shi da hannunsu, saboda ya fara talauta manyan gidajen garin. Jihar Nevada ta Amurka ta halatta caca a 1931, abin da ya mayar da Las Vegas daga ƙaramin gari a tsakiyar hamada zuwa birnin da duniya ke labari. Macau, wanda shi kaɗai ne yankin Chaina da doka ta yarda a buɗe kasino, ya zarce babban layin cacar Las Vegas wajen samun kuɗi a 2006. Tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa ita ce: waɗannan benaye masu taɓo gajimare, da kuɗin wa aka gina su? Da a ce masu ci sun fi waɗanda ake ci yawa, da ko bulo ɗaya ba a aza ba.

Sirrin ba boka ba ne, ba kuma maguɗi ba. Ɗauki wasan da ake kira rulet, wanda shi ne tambarin kowane kasino. Faifai ne mai juyawa, an raba shi gida 37, daga sifili zuwa 36. Ma'aikaci zai juya faifan, ya jefa wata 'yar ƙwallo fara, ta yi ta zagaye har ta faɗa gida ɗaya. In ka sa kuɗi a kan lamba kuma ta faɗa can, za a biya ka ninki 35, a mayar maka da uwar kuɗinka. Ga mai ji daga nesa, wannan garaɓasa ce. To amma ka ce kai wayayye ne, ba ka son asara, sai ka sa Naira 1,000 a kan kowane gida. Ka zuba dubu 37 ke nan. Dole ɗaya daga cikin lambobinka ta fito. Za a ba ka dubu 35, a haɗa da dubunka ɗaya, ka tashi da dubu 36. Ka ci, amma ka yi asarar dubu ɗaya. Wannan dubu ɗayan, wato kashi 2.7 cikin 100, shi ne kason mai gida. A faifan Amurkawa, wanda aka ƙara masa gidan sifili na biyu ya zama 38, kason ya haura kashi 5. Kowane wasa a cikin kasino, daga karta zuwa ɗan lido zuwa na'urar nan da iyayenmu ke kira kalo-kalo, an gina shi a kan wannan dabarar guda: a biya mai ci ƙasa kaɗan da abin da adalci ya ce a biya shi.

Wani zai ce kashi 2.7 ai ba wani abu ba ne, ko mai POS yana cirar kusan haka. Bambancin shi ne mai POS sau ɗaya yake cira ka tafi. Mai gidan caca yana cira a kowane juyi. Ka shiga da dubu 20, kana sa dubu ɗai-ɗai, ka ci nan, a ci ka can, ka mayar da abin da ka ci. Kafin dare ya raba ka yi juyi 200. A aljihunka dubu 20 ka kawo, amma a littafin mai gida dubu 200 ka zuba, kuma a kan wannan yake yankar rabonsa, wato sama da dubu biyar. Shi ya sa mai gidan caca ba ya fushi in ka ci. Tafa maka zai yi, ya aiko maka da abin sha kyauta. Abu ɗaya yake nema a wurinka, kada ka tashi. Mutum ɗaya yana iya yin sa'a a dare ɗaya. Amma idan mutane dubu suka yi wasa dare dubu, sa'a ta kan wanke, lissafi kaɗai ya rage a ƙasan kwano.

Da ka gane wannan, sai tsarin ginin kansa ya fara yi maka magana. Yawancin kasino ba sa rataye agogo, ba su cika yin taga ba, don kada ka san gari ya waye. A bakin ƙofa za a karɓi takardun kuɗinka a ba ka wasu 'yan faya-fayan roba masu launi, domin jefa roba a kan tebur bai kai ƙirga 'yan dubu-dubu zafi a zuciya ba. Na'urar kalo-kalo tana kaɗe-kaɗe da walƙiya ko da abin da ta biya ka bai kai abin da ka sa ba. Kuma sau da yawa takan nuna maka alamu biyu sun jeru, ta ukun ta tsaya gab da layi, ka ji a ranka cewa saura ƙiris. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya nuna tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe zai faɗo ba, ta fi nacewa wajen saran maɓalli a kan wadda ake ba a kai a kai. Ladar da ba a san ranar zuwanta ba ta fi kama zuciya. "Ɗaya tak ya yanka ni" ba alamar ka kusa ba ce. Ƙugiya ce. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai wani ruɗin da ya fi wannan tsufa. A ranar 18 ga Agusta, 1913, a kasinon Monte Carlo da ke Monaco, ƙwallon rulet ta faɗa gidan baƙi, ba na ja ba, sau 26 a jere. Tun daga wajen juyi na goma sha biyar mutane suka yi ta tururuwa suna zuba dukiya a kan ja, wai ai lokacinsa ya yi. Suka yi asarar miliyoyi. Faifai ba shi da ƙwaƙwalwa. Bai san abin da ya fito ɗazu ba, kuma ba ya bin kowa bashi. Duk lokacin da na ga dattijo a gindin bishiya da tabarau da biro, yana bin jadawalin lambobin loto na shekaru yana neman lambar da "ta daɗe ba ta fito ba", sai in tuna da mutanen Monte Carlo. Haka mai neman lamba a mafarki, da mai zuwa wurin boka, da mai biyan kuɗi a WhatsApp don a tura masa wasan da aka ce tabbas ne. Ka tambayi kanka mana: wanda ya san sakamakon wasan gobe, me zai yi da Naira dubu biyunka?

Sai masu dabarar ninkawa. Suna cewa in an ci ka, ka ninka abin da ka sa, duk ranar da ka ci za ka maido da komai har da riba. A takarda abin gwanin sha'awa. Fara da Naira 500 a kan ja ko baƙi, inda ake biyan daidai abin da ka sa. In aka ci ka sau 10 a jere, abin da kan faru fiye da yadda mutane ke zato, ka riga ka zubar da Naira 511,500, kuma sai ka sa 512,000 a juyi na gaba don ka tashi da ribar Naira 500. Ko kana da kuɗin, kowane tebur yana da iyakar abin da aka yarda a sa, kuma don irinka aka yi iyakar. Garin neman gira ke nan a rasa ido. An taɓa samun wanda ya gano ɓaraka ta gaskiya. Edward Thorp, malamin lissafi a Amurka, ya fitar da littafi a 1962 da ya nuna yadda mai lura da katunan da suka riga suka fita zai iya rinjayar gida a wani wasan karta. Me gidajen suka yi? Suka ƙara yawan katunan, suka riƙa sake cakuɗa su da wuri, wanda suka gane yana ƙirga kuma su raka shi bakin ƙofa. Gidan da ke korar wanda ya iya, ya gaya maka irin baƙon da yake so.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin Monte Carlo shi ne wannan. Lokacin da masarautar Monaco ta shiga matsin kuɗi, ta miƙa harkar kasino ga wani Bafaranshe, François Blanc, a 1863. Kuɗi suka shigo har a 1869 sarkin ya yafe wa talakawansa haraji. Amma har gobe doka ta hana ɗan ƙasar Monaco yin caca a wannan gida. Baƙo ya zo ya zuba, ɗan gida ya tsaya a waje. Singafo ma da ta buɗe manyan kasino biyu a 2010, ta sa wa 'yan ƙasarta kuɗin shiga mai tsada, dalar ƙasar 100 a kowace rana, ta ƙara shi zuwa 150 a 2019, alhali baƙo kyauta yake shiga. Mai tuya ya fi kowa sanin zafin mai.

Yanzu mu dawo gida. Saurayin Kamazou ba zai taɓa taka dardumar kasinon Abuja ba, kuma ba ya bukata. Kasinon ne ya tako ya same shi, ya tare a shagon bakin layi, daga can ya shige cikin wayarsa. Kafin zuwan intanet muna da cacar kupon ta wasannin Ingila, muna da loton da kowa ke kira Baba Ijebu, muna da karta a bayan kasuwa. Daga baya kamfanonin cacar ƙwallo irin su Nairabet da Bet9ja suka buɗe sabon babi, wasu da dama suka biyo su. Ga kuma maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba: ta fuskar lissafi, attajirin da ke zaune gaban faifan rulet a otal ya fi ɗan keken unguwarmu samun adalci.

Ga dalili. A kowane wasan ƙwallo kamfani yakan rage farashin da yake biya kaɗan, kamar yadda mai rulet ke yi. A ce abu biyu ne masu yiwuwa daidai wa daida. Adalci ya ce a biya ninki 2, sai a ba ka 1.90. Kason gida ya zama kashi 5. In wasa ɗaya ka buga, shi ke nan. Amma samarinmu ba sa buga wasa ɗaya, don Naira 200 ba ta haihuwar abin kirki a wasa ɗaya. Sai su jera 10, 15, 20 a tikiti guda. Duk wasan da ka ƙara, kason gida hawa yake a kan na baya. A wasa 10, wannan kashi 5 ya zama kusan kashi 40. A wasa 20 ya haura kashi 60. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ko da kai gwani ne da ke cankar wasa bakwai daidai a cikin kowane goma, damar tikitinka mai wasa 10 ya tsira ba ta kai uku cikin 100 ba. Mai wasa 20 kuwa, bai kai ɗaya cikin 1,000 ba. Ita ƙwallo ba ta da alƙawari. Wa ya zaci Saudiyya za ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a Qatar a 2022? Wa ya zaci Leicester za ta ɗauki kofin Firimiya a 2016? Saboda haka doguwar takardar nan da ɗan ƙanwata ke alfahari da ita ce hajar da ta fi kowace kawo wa kamfani riba, shi ya sa ake ƙara maka garaɓasa in ka tsawaita ta.

Loto ma haka. Lambobi 90 ne, a zaro biyar. Damar lambobinka biyu su fito tare ɗaya ce cikin 400. Abin da aka saba biya ninki 240 ne. Ragowar ta tafi inda ka sani. Sai kuma waɗanda suka fi ba ni tsoro, wato wasannin kwamfuta da ba sa jiran Asabar: ƙwallon bogi da ake gama kakarta cikin 'yan mintuna, da ɗan jirgin nan da ke tashi a fuskar waya, kuɗinka na hauhawa har sai ya ɓace. Kason gida a irin waɗannan yana iya zama ƙarami, amma gudunsu ne dafinsu. Abin da mai kupon na da ke zubarwa a wata, yaron yau yana iya zubar da shi tsakanin Magariba da Isha'i, yana kwance a ɗaki, uwarsa na zaton karatu yake yi.

Ba zan zagi samarin nan ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ɓangare na kudancin kogin Kaduna gumi ne ya gina shi. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, da sauran masaƙun da suka biyo ta, da kamfanin haɗa motocin Peugeot, da matatar man da aka ƙaddamar a 1980 wadda ke nan maƙwabtaka da mu, su suka jawo mutane daga kowace kusurwa suka zo suka zauna tare da Gbagyi masu ƙasa. Uba ya san in ya yi wata zai ɗauki albashi, in ya yi shekaru zai yi gida. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, matatar kuma ta daɗe ba ta aikin da aka gina ta dominsa. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata ne yau ke tuƙa keke da takardar digiri a ƙarƙashin katifa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma Naira dubu 70 ne ga wanda ma ya samu aikin. Yaron da ya duba gaba bai ga hanyar da gumi zai kai shi ga mallakar kekensa ba, in ka sayar masa da mafarki a Naira 200 zai saya. Yunwar da ta kai mutane ga harkar zuba kuɗi ta MMM har ta rushe da kuɗinsu a ƙarshen 2016, ita ce dai ke kai su shagon bakin layi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Addinanmu ba su yi shiru ba. Alƙur'ani ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara, ya kuma haramta su tare a Suratul Ma'ida, yana mai nuni da gabar da suke haddasawa tsakanin mutane. A majami'un Sabon Tasha da Kamazou ma fastoci ba su gaji da jan kunne a kan son kuɗi da neman arzikin dare ɗaya ba. Ni ma a nan na tsaya: kuɗin cacar da ya fi albarka shi ne wanda ba a sa ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Wanda ya fito daga masallaci ranar Juma'a da wanda zai je coci ranar Lahadi, a benci ɗaya suke zama ranar Asabar. Garin da rikicin 2000 ya raba shi gida biyu, kogi a tsakiya, shagon caca bai san wannan iyakar ba. Duk sun ji wa'azi. Abin da ba su ji ba shi ne lissafi. An gaya musu zunubi ne, ba a nuna musu cewa asara ce tabbatacciya ba. Matashi yana iya cewa zai tuba in ya ci miliyan. Da wuya ya ci gaba da murna in ya gane cewa a kowace Naira 100 da ya sa a doguwar takarda, 40 ta riga ta zama ta wani tun kafin alƙalin wasa ya hura usur.

Hani ma an gwada. Gwamnatin soja ta haramta na'urorin kalo-kalo a 1977, ga shi yau kowa na yawo da irinta a aljihu. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. Wannan ya rage wa abin fitsara a bainar jama'a, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kwado yana kulle ƙofar shago ne, ba ya kulle waya. A jiha irin Kaduna, mai addinai da al'adu daban-daban, ina ganin tambayar da ta fi amfani ita ce wa zai sa wa abin linzami. Amsar kuma ta fito. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar loto ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, Abuja kaɗai ta shafa. Ke nan ragamar tana hannun 'yan majalisarmu da ke zama a Lugard Hall. Ba su da sauran uzurin cewa abin na tarayya ne.

Kada su kalli harkar a matsayin saniyar tatsar haraji kawai. Kamfanoni sukan rubuta a ƙasan tallarsu, da ƙananan baƙaƙe, cewa a yi caca da hankali, kuma ban da wanda bai kai shekara 18 ba. Wato an haƙa rami a tsakiyar hanya, an kafa ɗan allo cewa a yi tafiya a hankali. Wasu ƙasashen sun wuce nan. Birtaniya ta rage mafi yawan abin da ake iya sawa a juyi ɗaya na wasu na'urorin shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2 a 2019, ta hana caca da katin bashi a 2020, tana kuma da rajista guda da mutum zai sa sunansa a toshe shi daga dukan shafukan caca masu lasisi. Kulob-kulob na Firimiya da kansu sun amince a 2023 su cire tallar caca daga ƙirjin rigunansu. A Singafo iyali na iya neman a hana ɗan'uwansu shiga kasino. Me zai hana Kaduna ta hana buɗe shagon caca kusa da makaranta, ta ƙwace lasisin duk wanda ya karɓi kuɗin yaro, ta tilasta a manna kason gida ɓaro-ɓaro a bango da Hausa da Turanci, ta kuma ware wani abu daga harajin don jinyar waɗanda abin ya kama? Malaman lissafi na sakandare su ma suna da rawar takawa. Darasi ɗaya a kan faifan rulet da tikitin wasa 10 zai yi wa ɗalibi amfanin da zai daɗe yana tunawa.

Ga wanda kuma ya ce shi dai sai ya shiga, ko kasinon otal ne ko shagon layi, tunda ba zan iya ɗaure shi ba, ga abin da zan ce masa. Ka ɗauki kuɗin da za ka sa a matsayin kuɗin da ka riga ka kashe, kamar na shiga gidan kallo, wanda ba ka sa ran a maido maka. Ka yanke adadinsa tun kana gida da hankalinka, ka tafi da shi a hannu, ka bar katin banki a ɗaki. Ka yanke lokacin tashi, ka sa wayarka ta tuna maka. Kada kuɗin haya, ko na makaranta, ko balas ɗin mai keke, ko jarin maigidanka, ko zubin adashin matarka su kusanci wurin. Kada ka ci bashi don caca, musamman bashin manhajojin waya masu kiran duk wanda ke cikin lambobinka su tozarta ka. Kada ka haɗa ta da giya, kada ka shiga kana cikin ɓacin rai. In ka ci, tashi. In an ci ka, tashi. Babu kalmar da ta rusa gidaje kamar "bari in rama". Sannan ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka sa da duk abin da ka samu, domin zuciya tana riƙe ranar ci ta manta kwana talatin na asara.

In ka ga ka fara ɓoye wa iyalinka, ko kana ƙarya a kan inda kuɗi suka tafi, ko ka sayar da waya don ka buga, ko ka yi rantsuwar bari sau uku kana komawa, to abin ya tashi daga wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtuka, a sahu ɗaya da sauran jarabobin da ke kama ƙwaƙwalwa. Ciwo ne, kuma ana jinyarsa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, tafiyar keke ce daga Kamazou. Iyaye kuma, duka da gori ba sa warkar da wannan, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa. A riƙe masa kuɗinsa, a zauna da shi, a nema masa taimako.

Ɗan ƙanwata dai ban yi masa wa'azi ba a ranar. Na saya masa littafin Naira 200, na roƙe shi abu ɗaya, ya rubuta komai na wata guda. Da watan ya cika sai ga shi da yamma, ya zauna a bakin tabarma ya ajiye littafin a gabana. Ya zuba dubu 31, ya ci dubu tara.

"Kawu," in ji shi, yana kallon ƙasa, "ashe kuɗin taya biyu na ba su."

Ban ce masa komai ba. Ban kuma san ko ya bari ke nan ba, don na ga littafin ya koma aljihunsa tare da wayar. Amma a karo na farko tun da ya fara, mutum biyu ne ke lissafi a cinikin, ba mai gida kaɗai ba.